Na Je Jidda Don Gwaggo Ta Faɗi Sunan Ɗanta

Kano

Ladanin unguwarmu bai gama gyaran murya ba na fito da jakata. Mai ɗakina ta rako ni bakin ƙofa tana jaddada mini cewa in har na dawo ba dabino, to in zarce gidan ƙanena kawai. Mai adaidaita sahun da muka yi magana da shi tun jiya ya iso a kan lokaci, abin da ya ɗan tayar mini da hankali, don ban saba ba.

Bari in faɗi abin da ya fitar da ni. Kakanmu ya tafi hajji a ƙasa, ya yada zango a Sudan, zangon ya yi masa daɗi har ya yi aure cikin Hausawan Wad Madani ya haifi ɗa da 'ya, kafin ya tuna ya bar mahaifina a Kano. Wannan 'yar ita ce Gwaggo Hauwa. A can ta girma, a can ta tsufa, sai da yaƙin Sudan ya zo har ƙofar gidanta. Ta gudo ta bakin teku, jirgin ruwa ya tsallako da ita Jidda, wata tsohuwar ƙawarta ta ba ta ɗaki. Bizar da take zaune da ita ta ziyara ce, ana ta ja mata wa'adi kamar roba, kuma kowa ya san roba tana da iyaka. Gidanta na Madani kuwa, an ce ko ƙyaure ba a bari ba.

Ɗanta na fari, Haruna, taubashina, ya daɗe da samun mafaka a wata ƙasar Turai mai sanyi, inda yake tuƙa bas. Ya nemi a ba shi izinin ɗauko uwarsa, magana ta yi nisa, sai aka yi zaɓe. Wata jam'iyya ta shiga gwamnati wadda jarinta kaf tsoron baƙo ne. Burodi ya yi tsada, baƙo. Asibiti ya cika, baƙo. Bas ya makara, baƙo. A nan kam, da yake na san direban, ban ce ba su da hujja ba. Haruna ya turo mini hoton allon kamfen ɗinsu: kwalekwale cike da inuwoyin ƙarti, ba fuska ko ɗaya. Na duba da kyau ban ga mai ciwon gwiwa irin Gwaggo a cikinsu ba, amma sabuwar doka ta ce duk mai son shigowa, ko da a keken guragu yake, sai an yi masa tambayoyin tsaro an naɗi muryarsa. An sa wa Gwaggo rana a ƙaramin ofishin jakadancinsu na Jidda.

Haruna ya kira ni ya ce, “Malam Sanusi, ka ƙare ƙuruciyarka kana koya wa 'ya'yan mutane Turancin da ba sa ji. Zo ka yi amfani sau ɗaya kafin ka mutu.”

Na ce, “Kai da ka tsallake teku don ka zama ɗan kamasho mai lasisi?”

Ya ce, “Tikiti na nan tafe. Don Allah, Malam. Ba ni da kowa.”

A filin jirgi aka sa na cire takalmi, na cire agogo, na ɗaga hannu sama, wani saurayi ya shafa ni daga hammata zuwa idon sawu. Gaskiya na ɗan ji daɗi. Duk shekarun da na yi a aji da bulala a hannu, babu wanda ya taɓa ɗauka ta a matsayin barazana.

Jidda

Mun sauka bayan azahar. Zafin garin ba irin namu ba ne, mai laima ne, kamar an lulluɓe ka da bargon da bai gama bushewa ba. Wanda ya zo tarya ta shi ne Bakri, ɗan ƙawar Gwaggo, mutum mai kimanin shekara arba'in da ke jigilar kaya a a-kori-kura. A Jidda aka haife shi, a Jidda aka haifi ubansa, kuma har yau da iƙama yake yawo, wato katin zaman baƙo, a ƙarƙashin wani kafili da yake tsaya masa. Hausarsa rabi ce, Larabci ya ciko sauran.

“Ahlan ya ustaz! Yalla, shiga, akwai zahma a hanya.”

Zahma ita ce cunkoso, kuma bai yi ƙarya ba. Filin jirgi yana arewa, gidansu yana can kudu, saboda haka sai da muka ratsa garin a tsaye. Gine-ginen gilashi suka yi ta raguwa har muka iso wani fili fetal, ba komai sai ƙasa da ɓaraguzai nan da can. Bakri ya rage gudu ya nuna da haɓa.

“Karantina, tsohuwar unguwarmu. Ka ga inda magen can take zaune? Ɗakin ummina ke nan.”

Na ce, “Me ya faru?”

“An ce unguwa ce ta masu laifi, sai a gyara. Wallahi ustaz, babban mai laifi a layinmu wata tsohuwa ce mai ƙosai ba izini.” Ya taka mota. “Halas. Ya wuce.”

Na tuna yadda mu ma a gida muke kallon waɗanda rikici ya koro daga gabas, yadda ake rage murya in sun shigo layi neman haya. Ba Turawa kaɗai suka iya wannan karatun ba, sun dai fi mu buga shi a allo mai kyau.

Khumra

Khumra unguwar ɗakunan ajiyar kaya ce da garejoji da gidajen leburori. Na sami Gwaggo zaune a kan katifa cikin lafaya ruwan toka, ta miƙe ƙafafu, tana jan carbi. Ta kama kaina da hannu biyu ta duba ni kamar mai sayen kabewa, ta ce na yi furfura ba da izininta ba. Hausarta irin wadda aka tafi da ita a ƙafa ce, akwai kalmomin da rabona da su tun kakata. Aka kawo kisira, wata siririyar gurasar Sudan, da miyar kuɓewa, aka bi da gahawa mai citta a ɗan finjali, na sha na ji har kunnena ya buɗe.

Washegari bayan karin kumallo da wake da gurasa mai zafi, na buɗe makaranta. Ni ne jami'i, Gwaggo ɗaliba, Bakri mai kallo.

“Gwaggo, kin taɓa riƙe makami?”

“Taɓarya tana ciki?”

“Ba ta ciki. Kin taɓa shiga wata ƙungiya?”

“Adashi.”

“Ki ce a'a kawai. Kina da niyyar kifar da gwamnatinsu?”

“Ni da sai an kama ni nake tashi daga tabarma?”

Muka bi hanyar da ta biyo gari-gari, muka bi shekarar haihuwarta, wadda ta ce shekarar da kogi ya ci kasuwa ce, muka daidaita ta da abin da fasfo ya ce. Zuwa la'asar na ba ta maki mai kyau. Bakri ya ce, “Mumtaz,” ya tafi lodi.

Ofishin jakadanci, Litinin

Ofishin yana arewacin gari, bayan katanga mai waya a ka. A ƙofa aka karɓe wayoyinmu, aka kwance keken guragun da muke tura Gwaggo aka leƙa ƙarƙashinsa da madubi, aka riƙe kwalbar man zafinta bayan mutum biyu sun shinshina sun yi hawaye. Bakri ya tsaya a waje. Ni aka bar ni na shiga a matsayin mai tura keke, kuma mai taimako in Larabcinta ya karkata zuwa Hausa.

Jami'ar yarinya ce, ba za ta girmi 'yata ta biyu ba, mai ladabi, idonta duk gajiya. Gefenta tafinta, wani Balarabe mai ƙamshin turare. A tsakiyar tebur ga na'urar naɗar murya da ɗan jan haske. Aka fara, Gwaggo ta yi ta zuba amsa yadda muka yi bita. Makami, a'a. Ƙungiya, a'a. Na fara jin irin alfaharin nan na ranar rabon sakamako.

Sai jami'ar ta ce, “Faɗi cikakken sunan ɗanki da yake neman ki.”

Gwaggo ta sunkuyar da kai ta gyara lafaya.

Tafinta ya maimaita da ƙarfi, a zatonsa kunne ne.

Gwaggo ta ce, “Shi yaron.”

“Sunansa.”

“Ai yana nan a takardarku.”

Nan na gane matsalar. Duk wanda ya tashi a gidan Hausa na da ya san uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Ba ta kiransa, ba ta yabonsa, in ana zancensa sai ta kau da kai kamar ana zancen ɗan maƙwabta. Na Gwaggo ma ninki biyu ne, don sunan surukinta aka sa wa Haruna. Tunda aka haife shi “shi yaron” yake, ko “wancan na wajenku”. Mun saba da abin har ba ma jin sa, shi ya sa bai faɗo wa kowa a rai ba cewa tambaya ce.

Jami'ar ta sauya hanya. “To sunan mijinki marigayi?”

Gwaggo ta dube ni ta ce da Hausa, “Sanusi, yarinyar nan ba ta da iyaye ne?”

Tafinta ya ce, “Me ta ce?”

Na ce, “Tana yaba tarbiyyarta.”

Na ga yatsun jami'ar suna tafiya a kan na'ura. Na nemi izini na miƙe, na yi jawabin da ban taɓa yin irinsa ba ko a taron iyaye da malamai. Na yi bayanin kunya, na yi bayanin ɗan fari, na kawo misali da uwata. Ta saurara har ƙarshe, har da ɗan murmushi.

Ta ce, “Na yarda da kai. Da bara ne, ta nuna sunan da yatsa ya wadatar. Yanzu umarni ya ce mai nema ya faɗa da bakinsa. Waɗanda za su saurari wannan a babban birninmu ba za su ga fuskarta ba. Abin da za su ji shi ne mace daga ƙasar da ake yaƙi, an tambaye ta sunan ɗanta sau uku ta ƙi, an tambaye ta na mijinta ta ƙi, kuma ba ta kallon mai tambaya.”

Na ce, “Rashin kallon ma girmamawa ce.”

Ta ce, “A jadawalinsu sunansa kauce-kauce.” Ta kashe jan hasken. “Ban rufe ba. Ku dawo Alhamis. Bayan nan ba ni da iko.”

A mota Bakri ya yi dariya har sai da ya tsaya a gefen titi. “Ya Allah! Khala, ke ce irhabiyya? 'Yar ta'adda da man zafi?”

Gwaggo ta ce, “Ja motarka, marar kunya.”

Na ce, “Gwaggo, kalma ɗaya ce fa.”

“Kalma ɗaya ce a bakinka. Uwata ta mutu ba ta kama sunan yayanmu ba. Ni ce zan fara, a gaban na'ura, don wata 'yar Nasara ta ji daɗi? In zama a nan in mutu, ƙasa ce mai tsarki.”

Na kawo dabara. Na ce akwai ayoyin da suka ambaci Annabi Musa da ɗan'uwansa. In an tambaye ta sai ta karanta ɗaya, sunan ya fito a ciki, ita ba ta kira kowa ba. Gwaggo ta ce ba da ita za a yi wasa da aya ba. Bakri ya ce, “Ustaz, ana tambayar tsaro, tsohuwa ta rufe ido ta fara karatu da ƙarfi? Wallah kafin ta kai ƙarshe an kulle titin.” Na janye dabarata.

Da yamma muka kira Haruna. Na zaci zai yi faɗa. Ina jin ƙarar injin bas a bayansa, sai ya ce, “Malam, kar ku matsa mata.” Na sa wayar a kunnen Gwaggo, ta tambaye shi sanyi, ta tambayi yaran ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, har da ƙaramar da ba ta taɓa gani ba. Shi kuwa ko “ya aiki” bai samu ba. Haka suke tun fil azal.

Makka, Laraba

Tunda an zo kusa, Bakri ya kai mu umara. Malamai su yi mini afuwa a kan batun inda ya kamata in ɗaura harami; na tambaya kafin in taso, aka ba ni fatawa biyu, na ɗauki mai sauƙin. Tafiyar ba ta fi awa ɗaya da 'yan kai ba, titi shimfiɗe tsakanin baƙaƙen duwatsu. A shingen shiga gari soja ya duba takardunmu, ya daɗe a kan iƙamar Bakri fiye da fasfona, duk da Bakri ya gaishe shi da irin Larabcin da uwar sojan take yi masa.

Ni na tura Gwaggo a ɗawafi, ni na tura ta tsakanin Safa da Marwa. A zagaye na huɗu ƙafafuna suka fara tuna mini shekaruna, sai malantar ta motsa. Na sunkuya na ce, “Gwaggo, kin ga wannan wurin? Nana Hajara ta yi ta gudu a nan cikin rana saboda ɗanta na fari. Babu abin da uwa ba ta yi.”

Ba ta ko juyo ba. Ta ce, “Gudu ta yi. An ce maka ta kama sunansa?”

Na ci gaba da tura keke.

A hanyar dawowa ta jingina kai da gilashi. Mun kusa Jidda ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba, “Can Turai ɗin, in mutum ya mutu, wa yake yi masa wanka?”

Na ce akwai Musulmi, akwai masallaci, ba za a rasa mata masu yi ba.

Ta ce, “Ba ni nake nufi ba. Shi yaron yana da hawan jini, ba ya faɗa. Matarsa ce ta gaya mini.”



Alhamis

Aka sake leƙa ƙarƙashin keke. Man zafin dai mun bar shi a gida don a zauna lafiya. Jami'a ɗaya, tafinta ɗaya, jan haske ɗaya. Ban san abin da Gwaggo ta yanke ba, don da safe na tambaye ta ta ce in sha shayina.

Jami'ar ta ce, “Faɗi cikakken sunan ɗanki.”

Gwaggo ta juyo gare ni. “Sanusi, fita.”

“Gwaggo, in Larabcin ya…”

“Fita, ka ja ƙofa. Kuma ka matsa can, na san ka da kunne.”

Ta dubi tafinta ta ce masa da Larabci shi ma ya juya baya. Mutumin ya dubi jami'ar, jami'ar ta gyaɗa kai, ya juya kujerarsa yana kallon bango kamar ɗalibin da bai yi aikin gida ba. Wannan shi ne abu na ƙarshe da na gani.

Na zauna a baranda kusa da wani Bayamane da aka dawo da shi karo na uku saboda ƙauyensu ba ya cikin taswirarsu. Ba a daɗe ba ƙofa ta buɗe, jami'ar da kanta ta turo keken. Gwaggo ta ja lafaya ta rufe fuska har haɓa. Jami'ar ta ce mini a hankali, “Ta amsa duka biyun. Na rubuta cewa ban ga wata matsala ba.” Idonta ya yi ja.

A mota Bakri ya buɗe baki, na taka masa ƙafa. Ya ja mota har Khumra. Gwaggo ba ta ci abincin rana ba, kuma ba ta yarda mun haɗa ido ba har ranar da na yi mata sallama.

Gida

Na sauka Kano ranar Asabar da hantsi, da dabino, saboda haka aka buɗe mini ƙofa. Na yi kwanaki ina ba da labari a majalisa, ana dariya, ina ƙara gishiri.

Ba a rufa wata ba Haruna ya kira. Majalisar ƙasarsu ta dakatar da shigo da iyaye gaba ɗaya, sai an sake nazarin tsaro, kuma ba a faɗi ranar gamawa ba. Takardar Gwaggo ta tsallake tambayoyi lafiya, tana cikin waɗanda aka dakatar. Ya ce ministan ya fito a talabijin yana cewa yanzu iyalai za su yi barci da ido biyu rufe.

Na ce, “Ka gaya mata?”

“Na gaya mata.”

“Me ta ce?”

“Ta ce tunda ba za su ba ta ba, su maido mata da abin da ta faɗa.”

Na yi dariya, shi ma ya yi, sannan dariyar ta ƙare. Can ya ce, “Malam, tsakaninka da Allah. Yaya ta faɗe shi? Haruna ta ce, ko Harun irin na Sudan? Da ƙarfi, ko a hankali?”

Na ce, “Kore ni ta yi. Ban ji ba.”

Ya ce ya rubuta wa hukumar yana roƙon a ba shi naɗin, ko da wurin nan kaɗai. Sun amsa masa cikin ladabi cewa bayanan tsaro ne, ba a bai wa kowa.

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni. Na gode wa Bakri da mahaifiyarsa, waɗanda aka rushe musu gida amma ba su rasa ɗakin ba wa baƙuwa ba. Gwaggo tana wurinsu har yanzu, an sake ja mata wa'adi. Wanda ya karanta wannan ya sa ta a addu'a, ita da shi yaron.